Na Matse Muryar Babanmu

Abin da nake so a ce ban yi ba a rayuwata bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Faifan garmaho ne, baƙi, ƙarami, mai rami a tsakiya. Na karɓe shi daga hannun wana lafiya lau, na lalata shi da hannuna, na kuma lalata abin da na kwafa daga cikinsa. Ni na yi, ba wani ba. Amma tun da tsufa ya zo mini haushin bai tsaya a kaina ni kaɗai ba. Ina jin haushin sana'ar da na yi, da na'urar da na yarda da ita fiye da ɗan'uwana, da duk wanda ya wuce ta ƙofar gidana waya na kuka a aljihunsa kamar sauro ya faɗa gwangwani, shi kuwa yana kaɗa kai wai kiɗa yake ji.

Mu 'yan Kashin Zama ne. Babanmu manomi ne, gero da dawa da damina, albasa da rani. A ƙuruciyarsa ya yi wa wani mawaƙin noma na wajen Gehuru amshi, suna bin gayya gona-gona da gangar noma. Wata shekara wasu mutanen kamfani suka kwashe su a mota zuwa wani birni can kudu, suka ɗauki waƙarsu, aka buga ta a faifai. Sau ɗaya ke nan, ba a sake ba. Aka ba kowane ɗan amshi faifai guda. Baba ya daɗe yana da faifai ba shi da abin kunna shi, sai da albasa ta yi masa kyau wata shekara ya sayi garmaho mai batir a kasuwar Jega.

Ba a kunna faifan nan don nishaɗi. Sau ɗaya ake jin sa a shekara, da safen da ruwan shuka ya sauka, kafin a fita gona. Baba zai jawo akwatin katako daga ƙarƙashin gadonsa a ɗakin ƙasa, ya warware zanen da ya naɗe faifan, ya hura shi, ya sa sabon batir, mu duka muna zaune a tsakar gida ƙasa na ƙamshi. In waƙa ta ƙare ya naɗe ya mayar, a ɗauki iri a tafi. In muka roƙa a maimaita sai ya ce allura na cin faifai kamar yadda gara ke cin azara, a hankali, ba ka gani sai ranar da ɗaki ya rufto.

Ba zan yi wa faifai kirarin ƙarya ba. Yana da nasa aibin. Kafin waƙa ta fara sai ka ji kamar ana suya a kasko. Akwai wani tabo a jikinsa da ke cewa ƙas, ƙas, duk zagaye. Amma in ganga ta shigo, a cikinka kake jin ta kafin kunne. Kana jin igiyar da aka ɗaure a kan fatar tana rawa. Kana jin 'yan amshi ɗaya bayan ɗaya, ka san wanda ya riga da wanda ya makara, har jan numfashinsu.

A tsakiyar waƙar akwai wurin da mawaƙi ke yin shiru ya bar ganga ita kaɗai. To a nan abin yake. Makon da aka tafi da su ɗaukar waƙar, makon ne aka raɗa wa wana suna, ɗan farin Baba. Ku da kuka san al'adarmu kun san kunyar ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunan wana ba. Sai dai "kai", ko "wancan", ko ya ce mini in je in gaya wa mutumin can ya ɗaure jaki. Bai taɓa ɗaukar sa a gaban mutane ba, bai taɓa yaba nomansa ba, alhali shi ne ya riƙe gonar. Ni auta ni ake ɗorawa a kafaɗa, ni ake sayo wa ƙuli. Amma a wurin nan da ganga ke ita kaɗai, Baba ya sunkuyar da murya, yana zaton ƙarar za ta rufe shi, ya ambaci sunan jaririn, ya ce Allah ya raya masa shi, ya yi masa albarka. Na'urar kamfani ta kama. In ka kasa kunne za ka ji, can ƙasa da ganga.

Duk shekara in allura ta kusa wurin sai Baba ya miƙe wai zai duba ko an ɗaure bakin buhun iri. Wana kuma ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Ba wanda ya taɓa cewa komai a kai. Da Baba ya rasu akwatin ya koma hannun wana, ya ci gaba da yin yadda aka saba.

Ni ban zauna gona ba. Firamare na yi, ban wuce nan ba, amma hannuna na son waya da sukuru. Lokacin da aka ba mu jiharmu, ma'aikata suka yawaita a hanya, motoci suka ƙaru, na buɗe shago a Sabon Garin Jega ina gyaran rediyo da rikoda, ina kwafar kaset. Mutane suka sa mini Injiniya. Sunan ya shige mini kai. Da wayar hannu ta shigo, kaset ya fara mutuwa, sai na sayi tsohuwar kwamfuta na koma tura wa mutane waƙoƙi a memori, ɗan abin nan kamar farce da ake sa wa waya.

Wanda ya sayar mini da kwamfutar, wani ɗan kasuwa mai saurin baki, shi ya koya mini matse waƙa. Ya ce in ka ɗauki waƙa yadda take, babba ce, kaɗan za su cika memori. Amma in ka mayar da ita MP3 sai ta ƙanƙance. Na ce ina sauran ke tafiya? Ya ce na'urar tana da wayo, tana sauraro ta zubar da abin da kunne ba ya ji. In ƙara babba da ƙarama suka zo tare, sai ta jefar da ƙaramar, tun da dai babbar ta rufe ta. Ya nuna mini wurin da ake zaɓa, ko a matse kaɗan ko a matse sosai. Ya ce, "Ka kai shi ƙarshe, Injiniya. Mutanenka yawa suke so. Wa zai gane?"

Ranar ya kamata in tambaye shi kunnen wa na'urar ta auna. Kunnen wanda ya ƙera ta, wanda bai taɓa zama a tsakar gida yana jiran kalma huɗu a ƙarƙashin ganga ba? Ban tambaya ba. Na kai shi ƙarshe, kuma gaskiyarsa, ba wanda ya taɓa dawo mini da memori don sauti bai yi ba. Direbobi da 'yan kamasho da mahauta tambayarsu ɗaya ce, guda nawa ka zuba? In wani shago ya fi ni zubawa can za su koma. Muka yi ta gasar matsewa har kuge ya koma kamar ana zuba ruwa a kwalba, ganga ta koma kamar ana dukan kwali. Mu muka lalata wa garin nan kunne, kuma suka biya mu.

Bayan kaka wata shekara na je gida, wana ya ce mini garmaho ya fara ja, murya na fita kamar ta mai barci. Na duba na ga sai an kai shago. Na ce ya ba ni har da faifan.

Ya ce, "Faifan na mi? Garmaho ne ba ya da lahiya."

Na ce, "Yaya, da me zan gwada? Kuma zan sa maka shi a kwamfuta. Can ba allura, ba ya cinyewa. Jikokinka ma za su ji."

"Jikokina su ji a inda ni ji."

"Yaya, duniya ta wuce nan."

"Ta wuce ta bar ni, ban roƙe ta ta tsaya ba." Ya dubi akwatin. Sannan ya ce, "Ka aje shi tsaye, cikin inuwa, ɗakin ƙasa. Kada ka ɗora mai komi. Kuma ya dawo kahin ruwa. Ka ji ni, Injiniya?"

In ya ce Injiniya, jan sunan yake yi kamar yana ɗaga ƙazamin tsumma da tsinke. Na ce na ji. A raina ina cewa mutumin da bai san bambancin batir da fis ba shi zai koya mini ajiyar kayan sauti.

Garmahon bai ba ni wuya ba, roba ce ta saki na canja. Na haɗa waya daga shi zuwa kwamfuta, na ɗora faifan, na ɗauka. Dole in faɗi wannan don kada a ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba: kwafin farko, babban, ba shi da aibi. Na sa abin sauraro a kunne na ji komai. Suyar kaskon tana nan, ƙas ƙas ɗin tana nan, ganga da nauyinta, kuma da aka zo wurin na ji Baba ya ambaci sunan wana sarai, har ya fi yadda nake ji a tsakar gida. Da na tsaya nan, da yau ba ni da abin rubutawa.

Amma na ji waƙar ta yi daɗi, na ga kasuwa. Manoman albasa za su so waƙar noma ta ƙasarsu, wadda ba wani shago da ke da ita. Na matse ta yadda na saba, har ƙarshe. Na ɗauki muryata na manna a farkonta, ina cewa wannan daga shagon Injiniya ne, Sabon Garin Jega, don kada abokan gasa su ci da gumina. Gumina, ku ji fa. Na fara zuba ta a kowane memori. Ban saurari ƙaramar har ƙarshe ba ko sau ɗaya. Na ji farkonta, na ji tallata ta fita da kyau, na kashe.

Babban kwafin ya zauna a kwamfuta yana cin wuri. Wata rana aka kawo mini sababbin finafinai, kwamfuta ta ce ta cika. Na duba abin da ya fi girma, na ga shi. Na ce ai ina da ƙaramar, kuma ga faifan a ɗaki. Na goge.

Faifan kuwa da gaske yana ɗakin ƙasa na bayan shago, tsaye, cikin akwatinsa, yadda aka ce. Sai albasa ta fito. Shekarar kowa a Aliero da Jega ajiya yake yi, ana jiran ta yi tsada da damina. Wanda ma bai taɓa riƙe kwasa ya yi noma ba ya zama ɗan ajiya. Ni ma na sayi tawa. Rudun ajiyar albasa da na kafa da kara ya cika, sauran buhuna ba wurin zubawa, ga rana. Albasa tana son inuwa da iska da ƙasa mai sanyi, kuma wuri ɗaya nake da shi mai haka. Na share ɗakin bayan, na baza yashi, na shimfiɗa albasa. Akwatin Baba ya tsaya mini a hanya. Na ɗauke shi na kai rumfar gaba, na ɗora a kan katakon da ke ƙarƙashin kwano, a kwance, na kuma ɗora masa wata matacciyar rediyo don kada ya zamo. Na ce kwana biyu ne. Duk wanda ya san bazarar Jega ya san abin da kwano ke yi da tsakar rana. Ni ma na sani. Kullum ina shiga in juya albasa, in tsince wadda ta fara ruɓa, ban taɓa ɗaga kai sama ba.

Wana ya ji waƙar a kasuwar albasa ta Aliero. Ya kai kayansa, yana tsaye ana ɗora buhuna a mota, sai wayar wani ɗan dako ta fara magana da muryata, ganga ta biyo baya. Daga nan bai koma gida ba, ya hau mota ya zo Jega. Na gan shi tun daga nesa yana tahowa da ƙurar albasa a rigarsa, na san ba lafiya ba.

Bai yi sallama ba. Ya ce, "Kai, tun yaushe ubanmu ya zama hajarka?"

Akwai mutane a shago. Na ce, "Yaya, zauna mana, a kawo ruwa."

"Ban zo shan ruwa ba. Na ji ka kana tallar kanka bisa kan tsoho, kamar mai maganin basir a tasha. Waƙar da muka ji sau guda a shekara, yau ɗan dako na jin ta yana tofar da yawu. Ba ni faifaina."

Na ce, "Ai ɗaukaka ce, Yaya. Yanzu har Maiyama an san—"

"Ba ni faifaina, Injiniya."

Na nufi ɗakin baya, sai na tuna. Na dawo na taka benci, na sauke rediyon, na jawo akwatin. Katakon da zafi kamar an sauke shi daga murhu. Na ajiye a kan tebur ban buɗe ba. Shi ya buɗe. Ya warware zanen. Faifan ya lanƙwashe kamar ganyen da ya bushe a rana, gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya lotsa. Ya ɗora shi a tebur, yana rawa shi kaɗai.

Ya leƙa ɗakin baya ya ga albasa shimfiɗe a inuwa, kowace da sararinta. Ya dawo ya dube ni.

Ya ce, "Albasa ka ba ɗaki."

Mutanen da ke shago suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora faifan a garmahon da na gyara. Allura ta hau tudu, ta faɗa kwari, ta yi tsalle ta fice. Na sake, ta sake. Sai na ce abin da har yau in na tuna nake jin kamar in ciji harshena. Na ce, "Kada ka damu, Yaya, ai tana cikin kwamfuta. Ba abin da ya ɓata."

Na kunna masa a babbar lasifika. Muryata ta fara, ya rufe ido har ta wuce. Mawaƙi ya shigo, 'yan amshi suka amsa, amma sun dunƙule sun zama murya ɗaya mai kauri kamar ana waƙa a cikin randa. Aka zo wurin da ganga ke ita kaɗai. Wana ya matso ya kai kunnensa jikin lasifika. Ganga tana nan, ko abin da ya rage nata. A ƙarƙashinta ba kowa. Sai wani ɗan gurgur, kamar ruwa na wucewa a bututu, ya zo ya tafi.

Ya ce, "Maida."

Na mayar. Ya ce in ƙara murya, na ƙara har kwano na amsawa. Gurgur ɗin ne ya ƙara girma.

Ya ce, "Ina shi?"

Na fara yi masa bayanin mai kwamfuta, cewa na'ura tana cire abin da ƙara babba ta rufe, abin da kunne ba ya ji.

Ya ce, "Kunnen wa? Ni ina ji. Tun ina yaro nika ji." Muryarsa ta tashi. "Kai ba ka da asara, shi ya sa. Kai an kira sunanka safe da marece har ka gaji. An goya ka, an ba ka ƙuli. Ni wuri guda gare ni duk duniya, shi ma ka bari inji ya tauna ya zubar don ka samu wurin zuba shirme. Wanga ba kuskure ba ne, rainin wayo na. Ka raina ni, ka raina tsoho, ka girmama albasa."

Ya juya ya fita. Bai ɗauki faifan ba, bai ɗauki garmahon ba. Daga bakin ƙofa ya ce kada in ƙara taɓa faifan, in bar shi yadda yake.

Ko wannan ban ji ba. Wani ya taɓa gaya mini in aka sa lanƙwasasshen faifai tsakanin gilashi biyu aka ajiye a rana yakan miƙe. Na ce zan gyara in kai masa ya ji kunya. Har a lokacin abin da nake nema ke nan, ya ji kunya. Na ciro gilasan taga, na matse faifan a tsakani, na ajiye a rana, aka kira ni gyaran wata rediyo. Da na dawo ya miƙe sarai. Ya kuma yi sumul. Layukan da allura ke bi sun narke sun shafe, gefe guda yana ƙyalli kamar bayan faranti. Na ɗora allura ta zame daga baki har tsakiya ba ta ce komai ba. Kafin in taɓa shi, wataƙila wani mai ilimin abin da kayan aiki ya iya ceto wani abu. Bayan na taɓa ba mai iyawa.

Ruwan shuka ya sauka. Ban je gida ba. An gaya mini wana ya fito tsakar gida da safe, ya tsaya, sannan ya ce a ɗauki iri.

Na shiga neman wani kwafin. Na je Gehuru gidan mawaƙin, shi ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yansa suka ce nasu ya fashe tun suna yara, har suna roƙo in na samu in kawo musu. Na bi gidajen sauran 'yan amshi, ba ko ɗaya. Aka ce mini akwai wani tsohon direba a Maiyama da ya tara faya-fayai tun zamanin da yake tuƙin kudu. Na je na same shi a ƙofar gida. Ya ce ƙwarai yana da shi da, amma iyali sun ba masu sayen tsofaffin kaya duka tarin, an musanya musu da robobin wanka.

Ya ga yadda fuskata ta yi, ya ce, "Haba, kada ka damu, ɗana. Ai waƙar ba ta ɓata ba, ga ta a wayata." Ya lalubo ya kunna. Muryata ta fito tana cewa daga shagon Injiniya, Sabon Garin Jega. Wannan ma ba tawa ba ce, wani shago ya sake matse ta don ta shiga ƙananan wayoyi, ya yanke ƙarshenta. Ko gurgur ɗin babu. Tsohon yana murmushi yana cewa Allah ya yi wa yaron nan na Jega albarka da ya adana mana tarihi. Ban gaya masa ni ne ba. Na yi sallama na tafi.

Har yau ita ke yawo. Nakan ji ta a tasha, a wurin masu shayi, a bakin rijiyoyin lambu. Duk wanda ya san waƙar yanzu wannan gurguwar ya sani, yana kuma zaton haka take. In na ce musu da akwai nauyi a gangar, da ana jin mutum huɗu daban-daban a amshi, sai su ce tsoho ya fara. Wani ma ya ce mini tasa ta fi, don ba ta da suyar kasko. To ba ta da shi. An share ɗaki tas, an haɗa da mai ɗakin an zubar.

Wana bai ƙara taka shagona ba. Mukan haɗu wurin jana'iza ko suna, in gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya yana kallon wani wuri. In zai aiko mini da saƙo sai ya ce a gaya wa wancan na Jega. Na lura bai ƙara kiran sunana ba, ko Injiniyar ma ya daina. Na kai masa garmahon gida yana aiki lafiya, ya ce a mayar mini, ba ya ajiye turmi ba hatsi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, farkon damina ne. Na je na same shi a ɗakin Baba, a kan gadon da akwatin ke zama ƙarƙashinsa da. An yi ruwa da asuba, ƙasa na ƙamshi, 'ya'yansa sun fita shuka. Na zauna a ƙasa na ce, "Yaya, ka yafe mini."

Ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka tuna yadda tsoho yac ce?"

Na ce na tuna. Na sunkuyar da murya yadda Baba ya yi, na ambaci sunansa, na fara addu'ar. Ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Bari. Ba kai nika son ji ba." Ya juya fuskarsa bango. "Na yahe maka, don ina son Allah ya yahe min. Amma kada ka zaci ka maido komi. Kuma in na mutu, kada a kunna wagga abar a gidan nan."

Abin da na samu ke nan, kuma ya fi abin da na cancanta. Bai ƙara yi mini magana ba har ya cika.

Na rufe shagon da daɗewa. Faifan yana nan wurina, sumul, naɗe cikin zanen Baba, tsaye, a ɗakin ƙasa, cikin inuwa, ba a ɗora masa komai ba. Yanzu da ba shi da amfani nake bin duk abin da aka gaya mini.

Ku da kuke da tsohon faifai ko kaset a gida mai muryar wani naku, ina roƙonku. Ku kwafa, ban hana ba, kwafi ba laifi ba ne. Amma ku bar babban kwafin da girmansa ko da zai cinye muku wuri, ku saurari abin da kuka kwafa tun daga farko har ƙarshe tare da wanda ya fi ku sanin abin da ke ciki, kuma na asalin ku mayar wa mai shi da hannunku tun kafin rana ta yi zafi. In wani mai saurin baki ya ce muku na'ura abin da ba a ji kawai take zubarwa, ku tambaye shi wa ya gaya mata abin da ɗan'uwanku yake ji. Kada ku yi abin da na yi.